Taga ta Bakwai

Tahani ce ta tono shi daga ƙasan adaka,
tsakanin takardar shaidar karatu da hular sanyin da asu ya cinye.
"Kaka, wannan fa?"
Na ce miƙo biro, sai an naɗe masa zare.
An ce kunne ya girmi kaka,
to yau kakan ne ya ji da nasa kunnen. Zauna.

Su huɗu ne, a Rostof,
shekarar da aka tura ni koyon injin ban-ruwa.
Gileb mai rerawa, dogo kamar gwangwala.
Arkadi, da ƙyauren kabad ya sassaƙa jitarsa,
ya ɗaura mata wayar tarho, kada ki tambaye ni inda ya samo.
Timur mai ganguna, Batatare,
shi kaɗai ya san dalilin da nake ƙin abincin rana wata guda cur.
Sai Zoya, mai babbar jitar nan mai gurnani,
ba ta dariya sai wani ya yi kuskure.

Sunan? Tagar ɗakin kwananmu ce, ta bakwai daga ƙofa.
Sakatarta ta karye,
ta nan ake zuro kayan kiɗa da igiya idan mai gadi ya yi gyangyaɗi.

Ba su da takardar izini.
A rumbun dankali suke wasa, ƙarƙashin ƙasa,
mutum sittin, numfashi na tashi kamar hayaƙi,
wasu masu toka-tokan kwat a bakin matakala suna rubuta sunaye.
Kaset ya haifi kaset, ya haifi kaset,
har muryar Gileb ta koma kamar daga cikin rijiya,
amma direban jirgin ƙasa a can ƙarshen duniya ya haddace ta.

Ran nan Timur ya zame a kan ƙanƙara, hannu ya tafi.
Suka dube ni. Na ce ni bakanike ne.
Suka kife mini bokiti biyu.
Ban san kiɗansu ba,
sai na buga abin da hannuna ya sani.
Zoya ba ta yi dariya ba.

Bayan na dawo gida ƙofa ta buɗe musu:
filin ƙwallo, fitilu, hotonsu a kan rigunan yara.
Shekara uku suna cin kasuwarsu.
Sai ƙasar ta faɗi ta tsage kamar ƙwarya,
kowa ya tsinci sakainarsa.
Arkadi ya koma sayar da takalma a bakin tasha.
Kwalba ta karɓi muryar Gileb jingina, ba ta mayar ba.
Zoya na koya wa 'yan makaranta waƙar safe.
Wasiƙar Timur ta ƙarshe layi huɗu ce:
an rushe ɗakin kwanan, ya ce, an gina banki,
ya tsaya ya ƙirga tagoginsa, duk ba a buɗe su.

Babu wuta yau a Mai Wurno.
Muka ciro batir daga tocila, muka ciyar da rediyo.
Kogi na wucewa bayan gonakin albasa, ba ruwansa.
Zaren ya shiga, ya yi tari, ya kama.

"Wannan ai janareto ne ya lalace," in ji Tahani.
Na ce yi haƙuri, juya shi, waƙa ta uku.

Ta saurara.
Can ƙarƙashin ihun, ƙarƙashin wayar tarho,
bokiti biyu suna karɓa wa juna,
ɗaya ya sauka, ɗaya ya tashi, a tafa, a sake.
Ta ajiye kofin shayinta a hankali.

"Kaka, wa ke lugude a ƙasar Rasha?"

Na ce uwata ce.
Gero take daka wa baƙin da ba ta taɓa gani ba.